Ra'ayinmu: Cutar Cin Abinci, Taimakon Kai Da Kai Yana Da Iyaka

A Gedambaliya aka fara noman dawa da injin a ƙasar Sudan tun cikin shekarun 1940, kuma daga nan ne yankin Gadarif ya zama rumbun dawa da riɗi. Shi ya sa idan aka ce akwai mai fama da cutar cin abinci a nan, jama'a sukan yi dariya su ce ai wannan ciwon Turawa ne. A ganinmu wannan dariya tana ɓoye wata masifa da ke cikin gidajenmu.

Likitoci sun kasa cutar gida-gida. Akwai mai ƙin abinci don tsoron ƙiba har ta rame ƙashi da fata, akwai mai ci ba ƙaƙƙautawa sannan ta je ta janyo amai a ɓoye, akwai kuma mai cin ƙasa ko gawayi, abin da aka fi gani wajen masu juna biyu, wanda sau da yawa yake tafiya tare da ƙarancin jini. Duk waɗannan suna cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022.

Kunya ce ke sa yawancin masu fama su nemi magani da kansu, kuma ba mu ce hakan laifi ne ba. A Ingila, ƙa'idar da hukumar NICE ta fitar a 2017 ta sanya taimakon kai da kai a matsayin matakin farko ga manya masu yawan ci da masu janyo amai. Mutum zai riƙa rubuta abin da ya ci da lokacin da ya ci, ya tsayar da ci sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, ya kuma daina tsallake abinci, domin yunwar da ya tara ita ke jawo cin da ba ya iya tsayarwa. Sai dai sharaɗin shi ne a samu ma'aikacin lafiya mai bibiya, don an lura waɗanda aka bari da littafi su kaɗai sun fi saurin watsar da shi. Ga mai ƙin abinci kuwa, wannan hanya ba ta wadatarwa, dole sai asibiti, domin cutar tana kisa.

Abin takaici, taimakon kai da kai da ya fi yawa a wajenmu shi ne na shagon magani. 'Yan mata, musamman masu shirin aure, idan madidar hulba ba ta kawo jiki da wuri ba, sai su koma ƙwayar dexamethasone, wadda a ƙasar Hausa ake wa laƙabi da "sha ka fashe". Jikin da take kawowa kumburi ne da kitse a fuska da ciki, a bayansa kuma ga ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi da karyewar garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha, idan ta yanke lokaci guda, tana iya faɗuwa rai a hannun Allah, don haka sai likita ya rage mata a hankali.

Mun san yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya ɗora wa asibitocin jihar nauyin da ya fi ƙarfinsu. Amma abin da muke nema ba mai tsada ba ne. Muna kira ga ma'aikatar lafiya ta jihar Gadarif da tsangayar likitanci ta Jami'ar Gadarif da su koya wa ungozomomi gane alamun cutar, su kuma fassara matakan taimakon kai zuwa Larabci da Hausa a karanta a rediyo. Hukuma ta hana sayar da wannan ƙwaya ba takardar likita. Iyaye da dangin miji kuma su daina yi wa amarya gorin rama. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.