Takardar tambayoyi ba ta isa a san Kurfai ba

Duk mazaunin Filinge da ƙauyukan Kurfai da ke Dallol Bosso ya saba ganin matasan da ƙungiyoyin agaji ke turowa daga Yamai: waya a hannu, jerin tambayoyi, amsa "i" ko "a'a". Ba na raina aikinsu, ƙidaya tana da amfaninta. Sai dai na daɗe da ra'ayin cewa wanda ya tsaya a kan lissafi kaɗai bai san mu ba.

Ka tambayi makiyayi a Tukunus yawan shanunsa. Kakansa ya sha wuyar jangali, shi ma ya tashi da sanin dukiya ba a faɗar adadinta ga baƙo. Ka tambayi mace sunayen 'ya'yanta, kunya ta hana ta ambaton ɗan fari, in ma maigida bai riga ta amsawa ba. Ka tambayi magidanci ko akwai hatsi a rumbu, alhali ya ga motar agaji a ƙofar maigari. Wace amsa kake tsammani? Haka za a tattara waɗannan amsoshi a kwamfuta, a gina tsari a kansu.

Akwai wata hanyar bincike da masana zamantakewa suka daɗe suna bi. Mai bincike ya sauka a gari, ya daɗe, ya je suna da zaman makoki, ya zauna bakin rijiya. Ya yi hira ba tare da gaggawa ba, ya rubuta abin da idonsa ya gani, sannan ya gwada maganar hakimi da ta talaka, ta manomi da ta makiyayi, ta tsohuwa da ta amarya. Inda maganganun suka saɓa, nan aikin yake.

Tarihinmu shaida ne. A 1925 wata mata mai suna Shibo daga Cikal ta jagoranci 'yan borin Babule, waɗanda suka bijire wa Faransawa da sarkin Kurfai Gado Namalaya, har aka kama su aka kai Yamai. Masu mulki fitina kawai suka gani. Sai daga baya masana irin su Finn Fuglestad, a rubutunsa na 1975, da Nicole Echard, wadda ta yi nazarin borin Adar da Kurfai, suka fito da ɓacin ran talakawa da ke ƙarƙashin lamarin. Wannan ba abin da za a samu da "i" ko "a'a" ba ne.

Ba sai mun jira Turawa ba. Cibiyar bincike ta LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta horar da 'yan ƙasa da dama kan wannan aiki, ga kuma Jami'ar Abdou Moumouni. Abin da ya rage shi ne kuɗi da haƙuri, domin masu ba da tallafi sun fi son rahoton gaggawa. Ga shi tsofaffi na tafiya da abin da suka sani, rashin tsaro kuma yana raba mutane da garuruwansu.

Kirana ga ɗalibanmu 'yan Kurfai: ku dawo gida da littafi da abin ɗaukar murya, ku nemi izinin mutane, ku rufa asirinsu. In kun gama, ku karanta musu sakamakon da Hausa, su gyara muku inda kuka kauce.