Madubi Bai San Launi Ba

A shekarar 2001, David Hockney, mai zane ɗan Ingila, ya wallafa littafi yana cewa tun wajen 1430 wasu masu zanen Turai ke amfani da madubi da gilashi, su jefa surar abu bisa allo, sannan su bi sawunta. Nan take wasu masana suka yi ca, wai an ci mutuncin magabata. Mu kuwa muna tambaya: ina abin kunyar? Ɗakin duhun da ake zargin Vermeer ɗan Holan da amfani da shi, Ibnul Haisam ya yi bayaninsa tun ƙarni na 11. Ashe cin moriyar ilmi ya zama sata? Madubi bai taɓa dama launi ba, bai kuma san abin da ya kamata a bari ba. A miƙa wa malalaci gilashin, mu ga ko zai zama Vermeer.