Kuɗin haya ba iri ba ne

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, wata 'yar'uwa ta ja ni gefe a Quatre-Routes, nan La Courneuve, inda layi na 7 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yake ƙarewa. Ta girme ni, Yaya nake ce mata, mutuniyar wajen Tsibiri ce kusa da Maraɗi. Ta zaro takarda daga jaka: mai gida yana bin ta hayar wata uku. Sharar ofisoshi take yi tun asuba, albashinta bai yanke ba. Na ce, "Yaya, ina kuɗin suka shiga?" Ta sunkuyar da kai ta ce ta shuka su.

Wani baƙon mai wa'azi ne ya zo ɗaya daga cikin tsoffin ɗakunan ajiyar kaya da aka mayar wuraren sujada a wannan yanki na Seine-Saint-Denis. Ya ce duk wanda ya shuka iri na Yuro ɗari biyar, Ubangiji zai buɗe masa ƙofa kafin wata ya mutu. Ƙofar da Yaya take so ita ce ta takardun ɗanta. Ta ba da sau ɗaya, shiru. Aka ce bangaskiyarta ce ta yi rauni, ta ƙara. Dokar Faransa ta hana fitar da ɗan haya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, amma bashin ba ya jiran sanyi ya wuce.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kalmar "iri". Mu 'ya'yan manoma ne. A gidan kakana, damin gero na iri daban yake, na ci daban, kuma ko shekarar ta yi kyau ba wanda ke zuba abincin yara a gona don yana jin yabanya za ta ninka. Kuɗin haya abincin gida ne. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa sura 8, ya ce a bayar gwargwadon abin da ake da shi, ba a sauƙaƙa wa wasu a jefa kai cikin ƙunci ba. A Ayyukan Manzanni sura 8 kuwa akwai Siman, wanda ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ya sha tsawa. Ba ni kaɗai nake faɗa ba: majalisar ikilisiyoyin bishara ta Faransa, CNEF, ta fitar da takarda a 2012 tana nesanta kanta da wannan koyarwa ta wadata.

Duk lokacin da na je Liyon wurin 'yan'uwa, nakan tuna Pierre Valdo, wanda har titi aka sa wa sunansa a can. Hamshaƙin ɗan kasuwa ne, wajen shekara ta 1173 ya rabu da dukiyarsa saboda bishara, mabiyansa aka riƙa kiransu Matalautan Liyon. Sai da ya ware wa matarsa da 'ya'yansa mata abin da zai riƙe su, sannan ya raba sauran ga talakawan gari. Bai kai wa wani mai wa'azi ba, bai kuma tsaya jiran riba ba.

Amma kada in yi ta nuna Yaya da yatsa, ni ma ina da tawa cutar, kishiyar tata. Ni mai ƙirga ne. Da dare nakan buɗe waya in duba asusun ajiyata na Livret A, in ninka kowane Yuro da sefa 655, in ji zuciyata ta kwanta. Bara ƙanena ya kira daga gida kan kuɗin maganin Inna, na yi kwana huɗu ina jinkiri don kada lambar da ke wayata ta ragu. Ajiya ba laifi ba ce, Yusufu ya tara hatsin shekara bakwai a Masar ya ceci al'umma. Sai dai mai arzikin nan na Luka sura 12 shi ma rumbu ya gina, kuma abin da ya kashe shi shi ne ya ɗauka rumbun ne ke riƙe da ransa. A kwanaki huɗun nan, ni da shi ba mu da bambanci. Yaya ta so ta saye Allah da kuɗi, ni kuma na so in tara abin da zai sa ba na bukatarsa.

Ranar Talata na raka ta wurin ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta gari, aka cika mata takardar neman tallafin FSL, asusun da ke taimaka wa masu bashin haya. Zumuntar mata ta majami'armu ta yarda a ba ta kwasar adashen wannan wata, wata uwa ta bar mata layinta ba tare da an roƙe ta ba. Ni ma na taɓa asusun nan nawa, da ƙyar, ba zan ɓoye muku ba.

Muna jiran taragon T1 ta tambaye ni, "To in na daina shukar, Ubangiji ba zai ce na juya masa baya ba?" Na ce, "Yaya, ki biya mai gida tukuna, baiko kuma ki saka abin da hannunki ya kai." Ba ta ce ta yarda ba. Mai wa'azin zai dawo watan gobe, kuma har yanzu lambarta tana wurinsa.