Fili Ɗaya, Lamba Ɗaya

Birnin Kano ya daɗe da tumbatsa ya mamaye ƙananan hukumomi takwas, har mai tafiya ba ya gane inda Gwale ta ƙare Kumbotso ta soma. Amma bayanan filayen da ke wannan shimfiɗa suna nan a warwatse: wasu a kundin jiha, wasu a durowar sakatariya, wasu kuwa a ƙwaƙwalwar mai unguwa, wanda ranar da ya faɗi ya mutu shi ke nan an binne shaida. Ina ganin wannan sakaci ne da muka ɗaure wa gindi, kuma marayu da zawarawa ne ke biyan kuɗinsa a kotu.

Tushen abin yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. To, gonar jiya ita ce unguwar yau. Gonar da ƙaramar hukuma ta rubuta da sunan wani, dillalai sun yanka ta awon igiya, wannan ya auna da ƙafa, wancan da taku, an sa bishiyar darbejiya shaidar iyaka. Idan gonar ta ratsa ƙananan hukumomi biyu, kowace ta ba da tata takarda ba tare da ta leƙa littafin maƙwabciyarta ba, sai fuloti ɗaya ya tashi da masu shi uku, kowa da hatiminsa. Hatta ma'aikatan safiyo ba su tsira ba: tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna aka zana su, wayar hannu kuwa da WGS 84 take aiki, kuma tsakaninsu akwai tazarar mitoci masu yawa, wadda ta isa ta jefa katangar mutum cikin tsakar gidan maƙwabcinsa.

Za a ce ai an kafa AGIS a Abuja, ga KADGIS a Kaduna, ga KANGIS a Kano. Madalla. Sai dai kwamfutar da ke hedikwata ba ta amfanar mai sayen fili a ƙauye muddin sakatariyarsa ba ta zuba bayani a ciki, ba ta kuma iya dubawa. Masu cewa buɗe kundi zai rage wa ƙaramar hukuma iko, ina tambayarsu: wane iko? Na sayar da abu ɗaya sau biyu?

Buƙatata ba ta da yawa. A ba kowane fili lamba guda wadda ba ta canzawa ko an sake yanka iyaka, a auna shi da ma'auni ɗaya, a tilasta wa dukkan ƙananan hukumomi 44 rubutawa a kundi ɗaya da kowa zai iya dubawa kafin ya biya kuɗi. Ruwanda ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista cikin 'yan shekaru, kowanne da lambarsa. Mu ma tun 2014 bankunanmu suka fara gane mutum da BVN ko a wane reshe ya shiga, alhali shi mutum yawo yake yi, fili kuwa yana nan inda aka bar shi.