An tace rawa, an tace waƙa, wa zai tace haƙƙin sabon shiga?

Akwai wani ɗaki a wani gidan haya a Kwaciri, cikin ƙaramar hukumar Fagge, da nakan leƙa idan na je wajen wani abokina. Samari huɗu ne a ciki, katifa biyu, risho ɗaya, sai wani dogon madubi da ya fi komai na ɗakin daraja. Ɗaya daga Azare ya zo, biyu daga ƙauyukan Katsina, na huɗun ɗan Damagaram ne. Dukkansu fim ne ya kawo su Kano. Babban cikinsu shekararsa uku a garin nan, amma in ka tattara duk fitowar da ya yi ba za ta cika minti goma ba: sau biyu ɗan sanda, sau ɗaya maigadi, sauran kuwa yana cikin 'yan ɗaurin aure ana shafa fatiha. Da safe dako yake yi a Kantin Kwari. Da la'asar ya yi wanka, ya saka rigarsa ta fita kunya, ya hau adaidaita sahu zuwa Zoo Road inda ofisoshin 'yan fim suke, ya zauna a kan benci yana jiran a ce, "Kai, zo nan."

Abin da ya sa na kawo zancensu shi ne wata magana da na ji daga bakin wani babba a industiri, a wani taro. Cewa ya yi wai waɗannan baƙin da ke kwararowa Kano su ne suka ɓata sana'ar fim, su ne ke jawo wa 'yan fim zagi, don haka kowa ya koma garinsu. Aka yi ta tafi. Ni dai ban tafa ba, don ban ga abin tafi a wajen mutumin da ya ci moriyar ganga yake neman yada kwaurenta ba.

Ranka ya daɗe, tunda abin ya zama na korar baƙi, sai mu fara daga sama. A Maiduguri aka haifi Ali Nuhu. Adam A. Zango daga kudancin Kaduna ya taso. Nafisa Abdullahi 'yar Jos ce, Jamila Nagudu 'yar jihar Bauchi, Rahama Sadau 'yar Kaduna. Hadiza Gabon ai sunanta ma ya faɗi daga inda ta fito, haka Fati Nijar da muryarta ta raya waƙoƙin finafinai bila adadin. Marigayi Rabilu Musa Ibro kansa tsohon gandiroba ne daga Ɗanlasan ta Warawa, ba a cikin ganuwa aka yanke masa cibiya ba. In aka kwashe baƙi daga Kannywood, wa zai saura a kan fosta?

Matsalar ita ce sana'ar nan, shekara talatin da ɗoriya bayan Turmin Danya na 1990, har yau ba ta da ƙofar shiga. Taga take da ita, tagar kuma sunanta ubangida. Yaro zai sauka a tasha da jakarsa, ya tambayi inda ake shiga fim, a nuna masa wani ofis. Abu na farko, kuɗin fom. Bayan fom, kuɗin rajista. Bayan rajista, sai "ka riƙa zuwa ana ganin ka". Daga nan ya zama yaron gida: shi ne ɗaukar jakar oga, shi ne wanke mota, shi ne sayo abinci a lokeshin, shi ne riƙe lema. Ran da aka ga dama a jefa shi a sin ɗaya. In an tashi, a ba shi kuɗin mota a ce masa, "Ai kai suna muke yi maka." Ko kalmar da muke amfani da ita ta isa ta tona mana asiri. Magini lada ake biyansa, tela kuɗin ɗinki, amma ɗan wasa "sallama" ake yi masa, tamkar almajirin da ya tsaya a ƙofar gida.

Wannan na namiji ke nan, wanda ko a shago ya kwana babu mai cewa uffan. Ta mace ta fi muni. Yarinya ta zo daga wani gari, ta je neman ɗaki a unguwa, da mai gida ya ji an ce 'yar fim ce kuma ba ta da miji, zance ya ƙare. Sai ta koma gidan wata "anti" da za ta riƙa juya ta yadda take so, ko kuma ta haɗa kuɗi da ƙawaye su kama ɗaki a otal a Sabon Gari. Gobe kuma mutanen da suka hana ta haya su ne za su ce, "Kun gani ko? A Sabon Gari take kwana." Wanda kuma ya ce mata rol ɗin nata ne amma sai ta same shi da daddare "a tattauna labari", shi babu mai tambayar inda yake kwana. Kowa a industiri ya san ana yi. In an taɓo zancen sai a ce ai 'yan damfara ne masu shigar burtu, ba 'yan fim na gaskiya ba. To, madalla. Wace ƙungiya ce ta taɓa manna sunayen kamfanonin gaskiyar a inda baƙuwa za ta gani kafin ta faɗa hannun na ƙaryar?

Wanda yake ganin haƙuri ne maganin abin, ya tuna hirar da BBC Hausa ta yi da Ladin Cima a 2022. Dattijuwar da ta tsufa a gaban kyamara ta ce daga dubu biyu zuwa dubu biyar ake sallamar ta. Wasu manyan industiri suka fito suka musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka. Ni ba alƙalanci zan yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk ƙurar da aka tayar, da baki aka yi ta. Da ana rubuta yarjejeniya a sana'ar nan, da takarda ɗaya ta kashe gardamar a rana guda. In uwa irin wannan sai da aka yi ja-in-ja a kan haƙƙinta, ina ga yaron Kwaciri da ko sunansa darakta bai riƙe ba?

Ba wai babu hukuma ba ne. Tun 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kuma kowa ya san tana da haƙora. Bayan abin da ya faru a 2007 an dakatar da shirya fim na tsawon watanni, a zamanin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim. A shekarar aka ɗaure Adam Zango a kan Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure Ibro, kafin shekarar ta fita kuma aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. A 2016 MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙa da ClassiQ. A 2023 hukumar ta soke lasisin 'yan fim ta ce a sake rajista, a 2025 kuma ta dakatar da finafinai masu dogon zango har 22, ciki da Labarina da Daɗin Kowa. Duk an iya wannan. To a nuna mini furodusa ɗaya da aka rufe wa ofis don ya karɓi kuɗin fom ya yi shiru, ko don ya yini da yara a rana ya sallame su da "Allah ya yi albarka". Ashe cin guminsu ba ya cikin abin da ke ɓata tarbiyya? Ashe addinin da ya hana rungume-rungume bai ce komai a kan ladan ɗan ƙwadago ba?

Sau ɗaya aka kusa yin abin kirki. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina alƙaryar fim ta naira biliyan uku a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, da wurin horaswa da ɗakunan kwana. Aka yi ca daga kan mumbari da soshiyal midiya, aka janye. Waɗanda suka yaƙi shirin sun ce matattarar baɗala za ta zama. To an hana. Yaran dai ba su fasa zuwa ba, sai dai maimakon wuri mai shinge da maigadi da rajista, suna warwatse a ɗakunan haya da otal-otal inda babu idon kowa.

Ban ce su yaran ba su da laifi ba. Da yawa suna so a san su ne, ba su iya ba. Akwai wanda ba ya iya karanta shafi ɗaya na sikirif, akwai wadda iyayenta ma ba su san tana Kano ba. Amma wa ya koya musu? Su Ƙasimu Yero da Samanja a wasan rediyo da talbijin suka goge. Turmin Danya ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi, mutanen da suka saba da rihazal kafin su ga kyamarar fim. Yau kuwa, da kasuwar kaset da sidi ta Ƙofar Wambai da Bata ta mutu aka koma YouTube, tambayar farko da ake yi wa sabon shiga ita ce mabiya nawa gare shi a TikTok. Sai yaro ya kwashe kuɗin dakonsa ya sayi data, yana ta shirme a gaban waya don a lura da shi. Mu muka nuna masa hanyar, mu kuma muke zaginsa da ya bi ta.

Abin da nake nema ba ya buƙatar biliyan uku. Hukumar da ta iya tilasta wa kowa rajista ta iya haramta kuɗin fom, ta kuma ƙi karɓar fim sai an haɗo da takardar da kowane ɗan wasa ya sa wa hannu cewa an biya shi, har mai fitowa a sin ɗaya. Ali Nuhu kuma, da aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024, makarantar fim ta Jos a ƙarƙashin hukumar take; ɗan gajeren kwas mai rahusa a nan Fagge ba zai gagara ba.

Makon jiya na koma Kwaciri. Ɗan Damagaram ɗin ya tafi. Wayarsa ya sayar ya yi kuɗin mota, fim ɗin da ya yi kwana tara yana yi wa aiki kuma har yau bai fito ba. Gefen katifarsa bai kwana uku babu kowa ba. Wani yaro ne daga Gumel ya maye wurin, ɗan shekara goma sha tara. Da ya ji an ce ina rubutu a mujalla sai ya ciro wani rasit daga aljihu, a ninke cikin leda, ya ce, "Yaya, don Allah duba mini, wannan kamfanin na gaskiya ne?"