RA'AYINMU: A TAMBAYI LIKITA KAFIN A GUDU

Cikin ciwon dajin da ke kama mazan Nijeriya, babu wanda ya kai na ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsara yawa, wanda likitoci ke kira furosteti. Ya fi samun wanda ya haura shekara 50. Idan gwajin jini na PSA ya nuna alama, akan ce wa mutum ya dawo a tsakuro ɗan naman wurin da allura a duba. To, a nan ne wasu 'yan'uwanmu mazauna Kudu ke sulalewa. Wani ya koma kan sana'arsa, wani ya hau mota zuwa gida neman sassaƙe, saboda tsoron zafi da kunya.

Mu a ganinmu wannan gudu ba shi da amfani, domin aikin ba ya cika wuce minti 20, kuma akwai hanyoyin kashe zafinsa. Likita kan tsakuri wuri 10 zuwa 12, ko ta dubura, ko ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura.

Hanya ta farko ita ce man lidoken da ake sa wa a dubura. Yana rage zafi, amma shi kaɗai bai cika wadatarwa ba. Ta biyu, wadda aka fi dogara da ita, allurar lidoken ce da ake yi kusa da jijiyoyin ƙullutun. Mutum yana farke, yana jin dannawa da ƙarar na'ura, amma zafin kaɗan ne, kuma ranar zai koma gida. Ta uku, allura a gadon baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Ta huɗu, maganin kwantar da hankali ta jijiya, irin su midazolam, mai sa gyangyaɗi. Ta ƙarshe ita ce a sa mutum barci gaba ɗaya. Wannan ta fi tsada, kuma sai an bar cin abinci kamar awa 6 kafin a yi.

Direbobi da 'yan acaɓa da masu gadin dare su lura: wanda aka ba maganin gyangyaɗi ko na barci ba zai yi tuƙi ko aiki ba sai bayan awa 24, kuma dole wani ya rako shi. Mai shan maganin tsinka jini, kamar warfarin ko asfirin, ya faɗa tun da wuri, kada ya daina da kansa. Bayan aikin akan ga jini a fitsari na 'yan kwanaki, a maniyyi kuwa har makonni. Amma zazzaɓi da rawar ɗari, ko fitsari ya ƙi fita, wannan na komawa asibiti ne nan take, ko da tsakar dare.

Cije baki a sha azaba ba jarumtaka ba ce. Haƙƙin majiyyaci ne ya ce, "Likita, wace hanya za a bi a kashe mini zafi, kuma nawa ne kuɗinta?" Matambayi ba ya ɓata. Wanda ba ya jin Turanci ko Yarabanci ya tafi da ɗansa ko amininsa ya yi masa tafinta, kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba.

Muna kira ga manyan asibitocin Legas da Ibadan su tanadi mai yi wa mutanenmu bayani da Hausa. Haka nan muna roƙon Sarakunan Hausawa da limamai a Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan su riƙa faɗakar da magidanta. Ciwon nan idan aka gano shi da wuri yana jin magani, in kuwa ya kai ƙashi sai lallaɓawa. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.