Kar ka ɓoye Funtua a ɗakin intabiyu

1/
'Yan uwana masu karatun akanta a ABU, UMYU da FUDMA, musamman mu 'yan Funtua, Malumfashi, Bakori da Ƙafur: a ganina a baibai muke shirin intabiyu. Muna haddace amsoshin da muka kwaso a intanet, muna ɓoye abin da muka fi kowa sani. Ku biyo ni 🧵

2/
KPMG, PwC, Deloitte da EY ba da hira suke farawa ba. Jarrabawar lissafi da Turanci ce a kwamfuta, agogo na gudu. Sukan nemi 2:1, sukan kuma sa iyakar shekaru, ga shi yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci mana wata 8. Don haka kar ka jira sai ka gama bautar ƙasa ka fara atisaye. Ranar jarrabawa kuma ka tafi inda sabis yake da ƙarfi, ko da sai ka shiga mota zuwa Zariya.

3/
Yanzu ga inda nake so mu tsaya. In aka ce ka yi bayanin IAS 2, kowa zai rero cewa kayan ajiya ana rubuta su ne da wanda ya fi ƙasa tsakanin kuɗin saye da abin da za a samu in an sayar. To, sai me? Kowa ya haddace wannan.

4/
Kai kuwa ka ga abin da idonka. Ɗan kasuwa ya sayi masara a Dandume da kaka, ya zuba a sito yana jiran tsada, sai farashi ya karye kamar yadda aka gani a 2025. Buhunan suna nan cif, ba ɓera ba gobara, amma kuɗin sun ragu. Dole a rubuta asarar tun kafin a sayar da ko tiya ɗaya.

5/
Ka ƙara musu da cewa in kai ne odita, ba za ka tsaya ga ƙirga buhu ba. Za ka soka ka duba ko ƙwari sun ci, ko damshi ya taɓa. Wallahi wanda bai taɓa shiga sito ba, tunanin nan ba zai zo masa da sauri ba. Haka IAS 41: shanun kiwo da audugar da ba a tsinka ba, mu ai a cikinsu muka tashi.

6/
Abin da ke kayar da mu shi ne kunya. An tarbiyyantar da mu kar mu haɗa ido da babba, kar mu yabi kanmu. A gida ladabi ne, amma mai intabiyu zai ɗauka ba ka da tabbas. Ka sa abokinka ya riƙa yi maka tambayoyi da Turanci, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Za ka ji haushin kanka, ka daure.

7/
Na san wani zai ce "ai sai da hanya". Akwai inda haka ne, ban musa ba. Amma ko mai hanya, in aka buɗe masa Excel ya tsaya yana zare ido, ya kunyata wanda ya turo shi.

8/
Tambayar ICAN ko ANAN kuma tana nan zuwa. Ko ba ka fara ba, ka san wanne za ka yi, da yaushe, da inda kuɗin rajista zai fito. "Insha Allahu zan yi" kaɗai ba ta isa amsa a ɗakin nan.